Wata bakwai da ƙunshin tsiran ruwan da na yi oda daga Legas

Jama'a da yawa sun yi ta tambayata kan tsiran da ke cikin tankin kifina tun da na ɗora hoto kwanaki, wasu ma cewa suke roba ne, toh ba roba ba ne, masu rai ne, kuma na ga gara in zauna in faɗi yadda ta kaya tsakanina da ƙunshin da na saya saboda kar wani ya zuba kuɗinsa yadda na zuba nawa ba tare da ya san abin da zai tarar ba.

Tankin nawa ƙarami ne, tsawonsa santimita 60, yana cin ruwa wajen lita 54, akwai ƙananan kifayen ado guppy da molly a ciki da ƙaramin filta, sai fitilar LED da nake kunnawa da inbata tunda wutar unguwarmu nan Kano kowa ya san halinta. A watan Satumba na yi oda wajen wani mai sayar da kayan kifin ado a Legas, ya ce ƙunshi ne na masu farawa, kala shida, naira 18,000 har da kuɗin mota. Kwana biyu kaya suka yi a hanya, na je tasha na karɓa. Gaskiya ɗaurin ya yi kyau, kowane tsiro an naɗe shi a jiƙaƙƙen tishu an sa a leda an hura mata iska, sannan aka jera a kwali, ba wanda ya ruɓe duk da zafin but ɗin mota. Nan dai ban da ƙorafi ko kaɗan.

Abin da na tarar a ciki: Anubias guda biyu, Java fern, da wani kuma da suke kira Amazon sword mai ganye kamar takobi, Vallisneria mai dogon ganye kamar na albasa, wata 'yar gajeriyar ciyawa siririya da ake shimfiɗa ta a gaban tanki kamar kafet, sai wani kara mai ganye kore da ratsin fari.

Bari in fara da wannan na ƙarshen domin shi ya fi ɓata min rai. Sati uku da dasa shi ganyen ya fara yin laushi yana yauƙi, na ciro shi sai wari. Da na bincika ashe Dracaena ce, irin wadda ake sawa a kwalba a kan teburin ofis, jijiyarta na iya zama cikin ruwa amma ganyenta dole ya sha iska, in ka nutsar da ita gaba ɗaya mutuwa za ta yi sannu a hankali. Na kira mutumin na ce Oga wannan fa ba tsiron cikin ruwa ba ne, ya ce min ai kowa haka yake sawa. Wallahi wannan amsar ba ta yi min daɗi ba, mutum yana sayar wa masu farawa kaya ya kamata ya san wanne ne zai rayu a ƙarƙashin ruwa wanne ne ba zai rayu ba, ba wai don ya cika lissafi ya zama kala shida ba.

Matsala ta biyu kuma ita ce ainihin abin da ya sa nake wannan rubutun. Tsiran da aka haɗa min ba duka ne za su iya zama gida ɗaya ba. Ciyawar kafet ɗin nan haske mai ƙarfi take so, da ƙasa mai taki, kuma ta fi yin kyau in ana ba ta iskar CO2, wato iskar da tsirrai ke zuƙa, daga silinda, ita kuwa Anubias tsiron inuwa ce, asalinta ma daga nan yankinmu take, dazuzzukan kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru, tana manne a jikin duwatsu da itatuwa a bakin rafi inda rana ba ta isa sosai. Toh ni ban sani ba, da na ga ciyawar tana yin rawaya sai na ƙara wa fitila lokaci daga awa 7 zuwa awa 11, cikin kwana goma ganyen Anubias ya cika da gansakuka, ɗigo-ɗigo kore masu tauri da ko ka goga da yatsa ba sa fita, gefen ganyen kuma wani baƙin gashi ya fito. Ciyawar ba ta farfaɗo ba, Anubias kuma ta lalace, na rasa ta ina zan kama. In ka biya wa ɗaya buƙata ka cuci ɗaya, kuma duk ba wanda ya gaya min wannan lokacin da nake tura kuɗi, ko 'yar takarda ta bayani babu a cikin kwalin.

Sai a watan Nuwamba na haƙura da kafet ɗin na tuge ta gaba ɗaya, na mayar da fitila awa 7, na yanke ganyen da suka fi lalacewa. Akwai kuma kuskuren da na gyara a lokacin, na binne Anubias da Java fern cikin yashi kamar yadda ake dasa albasa, alhali su biyun suna da wani kauri kamar citta a kwance wanda ganye da jijiya ke fitowa daga jikinsa, in ka binne shi ruɓewa yake. Na tono su na ɗaure a jikin wani ice da baƙin zaren ɗinki, ɗaya kuma na manna ta a dutse da ɗigon super glue, bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki jijiyoyin suka kama da kansu na warware zaren. Anubias ba ta sauri ko kaɗan, ganye ɗaya take fitarwa a sati uku ko huɗu, amma ranar da na ga sabon ganye ya fito a naɗe, kore shar mai sheƙi kamar an shafa masa mai, na daɗe tsugune gaban gilashin ina kallo har 'yar yayana ta zo tana cewa Kawu me ka gani ne.

Amazon sword da Vallisneria su ta jijiya suke ci, saboda haka su a cikin yashi suke, na tura musu ƙwayar taki a gindi duk bayan wata uku. Sword ɗin da farko duk tsofaffin ganyenta suka narke na ɗauka ta mutu, ashe masu noman a waje da ruwa suke rainonta, in ta shiga ruwa sai ta zubar da waɗancan ta fito da wasu dogaye sirara. Yanzu ta kai saman ruwa, kuma gaskiya ta yi wa tanki mai santimita 60 girma, duk wanda nasa bai kai nawa ba kar ma ya karɓe ta. Vallisneria kuwa ita ce ta fi kowa jin daɗin ruwan burtsatsen gidanmu, guda biyar aka aiko min yanzu sun haura talatin, tana miƙa jijiya ƙarƙashin yashi ta ɓullo can wani gefe, duk sati biyu sai na cire wasu don kar ta shaƙe gaban tankin.

Abin da ya daidaita min komai kuma ba ya cikin ƙunshin, kainuwa ce. Kainuwa dashen Allah da muka taso muna gani a kududdufi, ita ce dai Turawa ke sayarwa a shagunan kifi da sunan Pistia. Na ɗebo ƙanana guda huɗu, amma ban jefa su kai tsaye ba, na wanke na ajiye a bokiti sati biyu ina canza ruwa saboda tsutsar mazari da ke maƙalewa a jijiyarta tana cinye 'ya'yan kifi, kuma na ga guda ɗaya a bokitin kuwa. Da na sa su sai na kewaye su da siririn tiyo na filta a gefen da Anubias da Java fern suke, inuwar ta sauka daidai kansu, ɗaya gefen kuma haske na sauka kan sword da Vallisneria. Jijiyoyinta suna zuƙe dattin da kashin kifi ke bari a ruwa, gansakuka ta ragu sosai, 'ya'yan guppy kuma sun samu maɓoya. Sharaɗinta kawai kar ka rufe tankin ruf, in gumin murfi na ɗiga a kan ganyenta ruɓewa take, kuma duk sati sai ka kwashe rabi in ba haka ba ta rufe saman ruwan duka.

Dodon koɗi ƙanana sun biyo kayan, ƙwansu ne a jikin ganye, ban ɗauki wannan laifin mai kaya ba don kusan ko'ina haka ne, rage ba kifi abinci na yi suka ragu.

Yanzu muna Afrilu, zafin Kano ya kai 40, ruwan tankin da rana yana taɓa 31 alhali yawancin tsiran nan tsakanin 22 da 28 suka fi so. Java fern ta fara yin baƙi a bakin ganye, sauran dai suna riƙe. Na ɗora ƙaramar fanka mai caji tana hura saman ruwan, tana sauke shi da digiri biyu zuwa uku, sai dai kullum da yamma sai na ƙara ruwa saboda yadda yake ƙafewa, sannan na mayar da kunna fitila zuwa bayan la'asar.

In za a tambaye ni maki, uku cikin biyar zan ba ƙunshin. Huɗu cikin shida sun rayu kuma lafiyayyu aka aiko su, amma an sa min biyu da tun farko ba su da wurin zama a irin tankina. Zan sake saya a wajensa, sai dai wannan karon ni zan zaɓa da kaina ɗaya bayan ɗaya, kuma wadda nake nema yanzu ita ce jan bado na tanki da suke kira tiger lotus, in damina ta sauka zafi ya ragu zan yi odarta in sha Allah.