Wata bakwai ina aiki da Incucyte S3, ga abin da na gani

Ni dai aikina gwajin magungunan bairos ne, ina karatu a Jamus, kuma tun zuwana ake ta yabon na'urar nan Incucyte S3 ta kamfanin Sartorius, to yanzu na yi wata bakwai da ita kusan kullum, bari in faɗi gaskiyar abin da na gani.

Maikiroskof ce amma a cikin inkubeta take zama, wato ƙwayoyin sel ɗinka suna nan a zafin digiri 37 da iskar da suke so, ba sai ka riƙa fito da su suna shan sanyi ba. Tana ɗaukar faranti shida lokaci guda, ni mai ramuka 96 nake sa mata, in saita ta ɗauki hoto duk bayan awa biyu in tafi gida. Muna aiki da wani bairos mai suna LCMV ne, ɗan uwan bairos ɗin zazzabin Lassa, dangi ɗaya suke, don shi na Lassa ba a taɓa shi sai a ɗakin gwaji mai matakin tsaro na 4. Kuma wallahi abin yana taɓa ni, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na Borno tun 1969, har yau duk rani sai ta kashe mana mutane, maganin ribavirin ɗin nan dai shi ake ta lallaɓawa da shi.

An saka wa bairos ɗin namu GFP, furotin mai haske kore da aka samo daga wata halittar teku, duk sel ɗin da ya shiga ya fara hayayyafa sai ya yi kore. Ranar farko da na haɗa hotunan suka zama bidiyo na fi minti goma ina maimaitawa, ɗigo uku ne kacal a gefen rami, can sai na kusa da su suka kama, kafin kwana biyu ramin duk ya yi shar, ramin da ke maƙwabtaka da shi kuwa mai ribavirin ɗigon suna nan inda suke kamar an daure su. A da sai mu jira kwanaki mu zuba launi mu ƙirga tabon da bairos ya bari a kan sel da ido, sakamako ɗaya na rana ɗaya, abin da ya faru a tsakani ya wuce ka.

Inda ta fi burge ni ba ma koren ba ne. Akwai wani sinadari da muka gwada, kore ya ragu sosai har na fara murna, da na buɗe hoton fari da baƙi na ramin sai ga sel ɗin Vero, wato sel ɗin da muke renon bairos a cikinsu, duk sun dunƙule sun saki faranti, ashe ba bairos ya hana ba, gidan ya rushe gaba ɗaya. Da lamba kawai na samu da na rubuta shi a matsayin magani mai aiki.

Amma kada wani ya saya da tunanin zai ga bairos ɗin kansa. Iyakar girman da take ƙara wa abu sau 20 ne, sel kake gani, in kana son ka leƙa cikinsa ka ga inda ake kwafar bairos sai maikiroskof mai ƙarfi da ake kira konfokal. Sannan kore ba ya nufin an samu bairos mai iya kama wani sel, dole ka koma tsohon gwajin ƙirga tabo ka tabbatar. Wasu sinadaran ma, musamman na tsirrai, su da kansu suke haske kore su rikita maka lissafi. Ka bar faranti ya ɗumama kamar minti 30 kafin hoton farko saboda raɓa a murfi, ramukan gefe kuma ka cika su da ruwan gishiri kawai don sun fi saurin bushewa. Hotuna suna cin waje a kwamfuta ba kaɗan ba.

Masu tambayata daga gida ko za ta yi a lab ɗinsu, za ta yi, amma ku fara da wuta tukuna, sola da inbata masu ƙarfi da za su riƙe ta da inkubeta kwana uku ba ƙiftawa. Kuma tsadarta ta fi ƙarfin sashe ɗaya, gara jami'a ta saya a ajiye wuri ɗaya kowa ya riƙa yin layi. Ni na ba ta huɗu cikin biyar.