HRP ko AP: wanne za ka sayo wa ɗakin gwajinka?

Duk mai aikin rina yankin naman majinyaci a ɗakin gwajin asibiti a Kano ya san tambayar da likitocin tiyata ke yi idan an kawo yanki daga ƙarin nono: ina sakamakon ER, PR da HER2, wato sunadaran da ake nema a ƙwayoyin ƙarin don zaɓen magani? Amsar tana fitowa ne daga antibodi, sinadarin da ke kama abin da ake nema a naman, da aka maƙala wa enzayim, enzayim ɗin ne ke fito da launi daidai inda abin yake. Tun 1966 Nakane da Pierce suka nuna wannan hanya, kuma har yau enzayim guda biyu ne suka cika kasuwa: HRP (horseradish peroxidase) da AP (alkaline phosphatase).

HRP shi ne na yau da kullum. Ƙarami ne, yana ratsa nama, ya fi araha. Idan aka haɗa shi da DAB, sinadarin da yake mayarwa launi, yakan ba da launin ruwan ƙasa da ba ya koɗewa, silaid ya yi shekaru a akwati. Sai dai jajayen ƙwayoyin jini suna yin irin aikinsa, dole a fara jiƙa silaid da haidurojin farokzayid mai kashi 3 cikin 100 don a kashe aikin nasu. Kada kuma sodiyam azayid, sinadarin hana lalacewa da ake sa wa wasu ruwan gwaji, ya kusanci HRP, kashe shi yake yi.

Amma fa fatarmu baƙa ce. Melanin, abin da ke ba fata launi, ruwan ƙasa, DAB ma ruwan ƙasa. Na taɓa zama gaban maikiroskof da yankin tafin ƙafar wani dattijo, wallahi na kasa bambance rini da launin fata. Sai da aka sake shi da AP da Fast Red, sinadarin da ke ba da ja, jan ya fito fes. Wanda ke yawan karɓar fata, ko mabiyiya mai baƙin ɗigon maleriya, ya ajiye AP ko da ƙaramar kwalba ce. Ya tuna alkohol na wanke wannan jan, kuma da ruwan Tris ake aiki, ba fosfet ba.

Haɗa HRP da antibodi da hannunka ta hanyar sinadarin feriyodet sai mai bincike da ya rasa wanda aka riga aka haɗa. Ga aikin marasa lafiya, sayi na folima, wanda kamfani ya riga ya jera enzayim da antibodi a kan sarƙa guda. Ba ruwansa da bayotin, wani bitamin da ke cikin nama, wanda ke ɓata silaid na hanta da ƙoda.

Abin da ya fi damuna shi ne sanyi. Waɗannan kwalabe tsakanin digiri 2 zuwa 8 suke zama, ba a daskarar da su, ga zafin Afrilu na haura 40, ga ɗauke wuta. In firijinka ba ya kan sola, sayi kaɗan-kaɗan. Ranar da dila ya kawo, buɗe kwalin a gabansa, duba ranar ƙarewa, taɓa ledar ƙanƙarar. In ka ji ta da ɗumi, kada ka sa hannu.