fileinput na Python ya cinye min babi guda

Ina da tsofaffin rubuce-rubuce da na buga tun lokacin da ba a samun haruffa masu lanƙwasa a kwamfuta, muna rubuta k' da d' da b'. So nake in mayar da su ƙ, ɗ, ɓ ba sai na bi fayil ɗaya bayan ɗaya ba. Wani abokina ya ce ai Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, na da fileinput, wani kayan aiki mai bin fayiloli layi-layi, in sa inplace=True kawai, duk abin da na fitar da print cikin fayil ɗin zai faɗa. Layi biyar, aiki ya ƙare. Na gwada a kwamfutarsa mai Linux, ya tafi sumul, sai dai layukan banza da ya riƙa cusawa saboda na manta end="", wanda ke hana print ƙara sabon layi. Wannan laifina ne, na yafe.

Da na dawo gida na kunna a tawa mai Windows, nan aka yi ta. Yana isowa kan ƙ ta farko sai ya tsaya cak, wai UnicodeEncodeError, wato ya kasa rubuta harafin. Na ce ba komai, bari in gyara in sake. Ina buɗe fayil ɗin na tarar da layi uku kacal, babin da na kwashe mako biyu ina bugawa! Ashe fileinput yakan sauya wa fayil na asali suna ya koma .bak, wato kwafin ajiya, ya buɗe sabo fanko yana zubawa, in ya rufe kuma ya goge .bak ɗin, ko aikin ya kammala ko ya mutu a hanya. Sai ka sa backup=".bak" da hannunka yake bar maka shi. Haba, wane irin abu ne wannan? Wallahi ranar ko tuwon dare ban ci ba.

Matsalar kuwa, Windows ɗina tsarin haruffa na cp1252 take amfani da shi, shi ko bai san ƙ ba. Sai a Python 3.10 aka ƙara wa fileinput encoding, wato zaɓin tsarin haruffa, tawa tsohuwa ce. Na sabunta, na sa encoding="utf-8", ragowar fayilolin suka gyaru kafin shayina ya huce. Nan kam ba ƙarya, yana da sauri.

Amma babin nan har yau rabinsa na iya tunowa. Tauraro biyu na ba fileinput, ɗayan ma don darajar abokina ne.