Shanshera daga hannun dillali ko daga gonar manomi?

Masana'antar casar shinkafa ba ta rayuwa sai da shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ƙaiƙayi ba, kuma hanyoyin samunta biyu ne. Ta farko ita ce saye daga dillalai a kasuwanni irin su Dawanau da ke Kano, inda mai kamfani zai biya kuɗi hannu ya loda tirela a rana ɗaya, sai dai buhunan kan zo da iri gauraye, da tsakuwa da ɗanshin da ya wuce kashi 14 cikin ɗari, abin da ke karya ƙwayar a cikin inji.

Ta biyu kuwa yarjejeniya ce da manoman Kura ko Argungu, a ba su iri da taki bashi, su biya da amfanin gona, kamar tsarin da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Kebbi a 2015. A ganina wannan ta fi, domin iri ɗaya yana ba da shinkafa mai tsawo ɗaya, ko da yake idan farashi ya tashi da kaka wasu manoman kan karkatar da kayan zuwa kasuwa.