Sharhi kan fscrypt: kulle babban fayil da abin da ke saura a ƙwaƙwalwa

Manhajar fscrypt ta Google tana ɓoye bayanan babban fayil (wato folda) ɗaya a Linux, yadda ba a iya karanta su sai da mabuɗi, kan tsarin fayil na ext4, f2fs ko UBIFS. A ext4 sai an fara kunna damar da `tune2fs -O encrypt`, sannan `fscrypt setup` da `fscrypt encrypt`. Wannan ɓangaren ba wuya.

Inda ake gane ingancinta shi ne lokacin cire mabuɗi. A tsohon tsarin ɓoyewa na 1, ko an cire mabuɗin, fayilolin da aka riga aka buɗe suna nan a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ana karanta su lafiya lau, sai mai ikon root (mai cikakken iko a kwamfutar) ya share su daga ƙwaƙwalwar da hannu. Kulle ne na jeka-na-yi-ka. Tsari na 2, wanda ya zo da Linux 5.4 a 2019, ya gyara wannan: mabuɗin yana zaune a tsarin fayil ɗin kansa, daga wannan uwar mabuɗi ake samar wa kowane fayil nasa ta hanyar lissafi mai suna HKDF-SHA512, kuma `fscrypt lock` yana goge uwar mabuɗin.

Amma da sauran rina a kaba. Idan wata manhaja tana riƙe da fayil a buɗe, ko tashar rubuta umarni (terminal) tana zaune cikin babban fayil ɗin, kullewar ba ta kammala ba. Mabuɗin wannan fayil yana nan da ransa. A nemo mai riƙon da `lsof`, umarnin da ke nuna fayilolin da ke buɗe, a rufe shi, a sake kullewa. Haka idan mutum biyu suka buɗe babban fayil ɗin, ba ya kulluwa sai dukansu sun janye.

Girman fayil da lokacin gyaransa kuwa a fili suke. Mai son ɓoye waɗannan sai ya koma LUKS, mai ɓoye faifai ko sashensa gaba ɗaya.