Wata shida muna kai Baba wani asibitin zuciya a Sakkwato

Baba ya fara jin nauyi a ƙirji bayan sallar asuba, amma ya ɗauka gyambon cikinsa ne ya motsa, ya sha maganin olsa ya kwanta, ba mu isa gaban likita ba sai bayan la'asar. An yi gwajin ECG, wanda ke zana motsin lantarkin zuciya a takarda, aka ce bugun zuciya ne, aka yi masa allurar narkar da gudan jini, daga baya muka kai shi Abuja inda aka zura siririn bututu ta jijiyar hannunsa aka sanya 'yar ragar ƙarfe a babbar jijiyar da ta toshe. An nuna mana hoton jijiyar a buɗe, muka yi hamdala, muka dawo Mabera da zaton magana ta ƙare. Bayan mako uku kuwa Baba ba ya iya takawa zuwa masallacin unguwa sai ya tsaya sau biyu yana haki, ƙafafunsa kuma sun fara kumbura. Wannan ne ya kai mu wani asibiti mai zaman kansa a cikin gari, wanda likitan zuciya ke zama a cikinsa kwana biyu a mako.

Abin da ya fi komai daraja a wurin shi ne bayanin likitan. Da ya gama karanta takardun Abuja ya tambayi Baba sana'arsa, ya ji noman albasa ne a wajen Goronyo, sai ya jawo takarda ya zana babbar hanyar ruwa da ƙananan magudanai da ke shiga fangali. Ya ce, "Alhaji, idan an yashe babbar hanya ruwa ya taho, amma laka ta cika ƙananan, albasa za ta sha?" Baba ya ce, "Ina fa, likita, sai dai ruwa ya wuce ta gefe." Ya ce to abin da yake zargin ya sami wani yanki na zuciyarsa ke nan.

Ya ci gaba da cewa jijiyoyin da hoton Abuja ya nuna manya ne kawai, domin wannan hoton ba ya kama waɗanda faɗinsu bai kai kusan rabin milimita ba, alhali naman zuciya yana shan jini ne ta wasu 'yan mitsi-mitsi waɗanda ƙwayoyin jini ke bi ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da aka buɗe babbar jijiya, ɓurɓushin gudan jini da na kitse kan gangara ya cushe su. Bangonsu kan kumbura saboda daɗewa babu jini, fararen ƙwayoyin jini kan taru su tare hanya, wani lokaci ma sukan fashe jini ya tsiyaya cikin naman. Masana sun bayyana wannan yanayi tun 1974 a gwajin da aka yi kan karnuka, kuma idan aka ɗauki hoton MRI (na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu) na waɗanda aka buɗe wa jijiya bayan babban bugun zuciya, akan same shi a kusan rabinsu. Gwargwadon jinkirin zuwa asibiti, gwargwadon haɗarinsa. Da ya faɗi haka sai na sunkuyar da kai, ina tuna sa'o'in da muka ɓata muna dama wa Baba kunu don ya kwantar da olsa.

Na yaba da cewa bai yi mana alkawarin da ba zai iya cikawa ba. Ya faɗa a fili cewa asibitin ba shi da na'urar MRI ta zuciya, wadda ita ce ke nuna wurin toshewar sosai bayan an yi allurar ruwan haska hoto, saboda haka abin da yake da shi zato ne mai ƙarfi da ya gina kan ECG da hoton eko, wato sikanin da ke nuna yadda zuciya ke motsi. Ya kuma ce babu wata ƙwaya da aka tabbatar tana sake buɗe ƙananan jijiyoyin bayan an yi makonni. Aikin da ya rage shi ne hana zuciyar faɗaɗa da yin laushi, domin hakan ne ke kai mutum ga gazawar zuciya. Eko ya nuna tana tura kashi 38 cikin 100 na jinin da ke cikinta a kowane bugu, alhali mai lafiya kan tura 55 zuwa sama. Ya bar Baba kan asfirin da kulofidogirel, masu hana jini yin guda, ya gargaɗe mu cewa kada a tsayar da su kafin shekara ta cika ba da izininsa ba saboda ragar, ya ƙara maganin rage kitsen jini, da na rage gudun zuciya, da na sassauta jijiyoyi, sannan Lasix, maganin sa fitsari, don kumburi. Yana ƙara ƙarfin magungunan kaɗan-kaɗan, ba ya ƙarawa sai ya ga sakamakon gwajin ƙoda.

Sista mai auna hawan jini ita ma ta san aikinta. Ita ce ta ce mu sayi sikeli mu riƙa auna Baba kowace safiya, idan ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana uku mu kira. Da zafi ya shigo a watan Afrilu, ita ce ta lura jininsa ya sauka, ta sa likita ya rage Lasix, tana cewa, "Baba, a ranar Sakkwato gumi ma yana yin rabin aikin maganin nan."

Inda suka gaza shi ne tsari. Ana ba kowa ƙarfe huɗu na yamma, sai a tara mutum fiye da ashirin a ɗakin jira mai fanka biyu, kuma sau biyu muna yin magariba da isha a harabar kafin a kira mu. Ga mai ciwon zuciya da ya sha maganin fitsari, wannan zama azaba ce, banɗaki kuma ɗaya ne tak. Wata rana wuta ta ɗauke ana tsakiyar eko, aka ɗauki minti arba'in kafin a tada janareta, Baba na kwance babu riga. Kantin maganinsu ya fi na cikin gari tsada, kuma sau ɗaya sun canza mana kamfanin kulofidogirel ba tare da sun faɗa ba, har Inna ta zaci sabon magani ne ta kusa ba shi duka biyun. Ba su da shirin motsa jiki ga masu murmurewa, ana dai cewa a riƙa tafiya, ba a faɗi nisa ko lokaci ba sai da na matsa da tambaya.

Duk da haka ban canza wuri ba, kuma na tura wani maƙwabcinmu can, na ce ya tafi da dukan takardunsa da kwalayen magungunansa, ya kuma rubuta tambayoyinsa a gida, domin likitan yana amsa duk abin da aka tambaye shi amma ba ya da lokacin tono wanda ba a tambaya ba. Eko na watan jiya ya nuna kashi 43. Baba yana zuwa masallaci yanzu ba tare da tsayawa ba, sai dai har yau likita bai yarda ya koma Goronyo ya kama fartanya ba, an ce a sake dubawa bayan wata uku.