Saura ƙiris a goge min hotunan bikin mutane, wai bairos ne

Duk mai ɗaukar hoto da raw, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da kyamara ke ajiyewa ba tare da ta gyara shi ba, da ke shirin canza kwamfuta don Allah ya karanta wannan kafin ya miƙa ma wani katin kyamararshi. Magana ce kan abu biyu, shagon da na sayi laftof a nan Gusau da aikin da suka ce sun min na haɗa komai, sai kuma wata ƴar manhaja ta kyauta mai suna Adobe DNG Converter wadda ita ta fidda ni kunya.

Laftof ɗin kanta ba ni da ƙorafi, ƴar Kwatano ce amma tsaf take, batir na riƙe caji. Tsohuwar tawa fanka ce ta daina juyawa, zafi ya yi ta cin ta har ta ƙi tashi. Na faɗa ma mai shagon sana'ata hoto ce, biki da suna da walimar sauka, ya ce babu damuwa yallaɓai, yaronshi zai sa min duk abin da masu hoto ke aiki da shi kuma ya kwaso min ayyukana daga ma'ajiyar tsohuwar. Kuɗin wannan daban na biya.

Sai da na dawo daga wani biki a Talata Mafara na juye kati sannan na ga abin da ake ciki. Fayilolin duk suna nan da nauyinsu, amma ko ɗan hoton nan da ke fitowa a fuskar fayil babu, fari fat, in na ja ɗaya zuwa Photoshop sai ya ce ba zai iya buɗewa ba. Abin da ya ƙara ruɗa ni shi ne tsofaffin hotunan da na ɗauka da tsohuwar kyamarata Canon 700D suna buɗewa lafiya lau, na sabuwar wato 250D ne kawai suka ƙi, ga Hajiya uwar amarya tana ta kira tana tambayar yaushe za a kai alban saboda dangin ango za su koma.

Na koma shagon da katin. Wallahi har yanzu in na tuna raina sai ya ɓaci. Yaron ya sa katin, ya ɗauki fayil ɗaya ya goge CR3 ɗin ƙarshen sunan, wato nau'in raw ɗin da 250D ke fitarwa, ya rubuta JPG irin na hoton yau da kullum, ya danna, bai buɗe ba, sai ya jingina da kujera ya ce "Oga katin nan bairos ya cinye shi." Na ce to ya aka yi kyamara ke nuna min su ɗaya bayan ɗaya? Ya ce ai inuwarsu ce kawai ta rage. Maganinshi wai a yi ma katin fomat, wato a goge duk abin da ke ciki, sannan ya sa manhajar dawo da fayil ya ciro abin da ya samu, in biya kuɗin wannan ma. Ina tsaye a bayanshi na ga kibiyar linzami ta hau kan fomat, hannu na sa na zare katin ba tare da na ce komai ba. Ɗaurin aure ne fa da kamu da kai amarya, abin da ba a maimaitawa, kuma mutum bai ko tambaye ni ina da wani kwafi ba.

Maigidana da ya koya min sana'a yana Birnin Kebbi, shi na kira. Tambaya ɗaya ya min, wane Photoshop suka sa maka? Na duba na ce CS6. Ya ce to kai ɗana hotunanka lafiyarsu ƙalau. Photoshop ba shi ke karanta raw da kanshi ba, akwai wani ɓangare a cikinshi da ake kira Camera Raw, kuma kowace sabuwar kyamara sai an ƙara ta ciki kafin ya gane fayil ɗinta. CS6 ya fito 2012, Camera Raw na ƙarshe da ke hawa kanshi shi ne 9.1.1 na 2015. Shi kuwa CR3 sai 2018 Canon ta fara shi da M50, 250D ta zo 2019. 700D CR2 take fitarwa, shi ya sa nata ke buɗewa. A tsohuwar kwamfutata sabon Photoshop ne shi ya sa ban taɓa cin karo da wannan ba. Masu Nikon da raw ɗinsu NEF da masu Sony da nasu ARW duk haka abin yake in kyamara ta fi manhaja sabunta.

Ya ce in sauke DNG Converter daga shafin Adobe, ba a biyan ko sisi. Aikinta ɗaya, ta mai da CR3 zuwa DNG, shi ma raw ne ba a rage mishi komai na haske da kala ba, sai dai tsohuwar manhaja na iya karanta shi. Abu biyu da zai iya ruɗa mutum, na farko folda take zaɓa ba hoto ɗaya ba, in ka shiga ka ga kamar babu komai ciki kar ka tsorata, foldar za ka zaɓa. Na biyu ka shiga saitinta ka sa dacewa a kan Camera Raw 7.1 zuwa sama in CS6 gare ka. Na danna na bar ta tana aiki na tafi sallar isha'i, kafin in dawo ta gama.

Hoton da na fara buɗewa na ƙofar masallaci ne bayan ɗaurin aure, rana tsaka, ango cikin farar shadda da ta ƙone da haske har aikin wuyan babbar rigar ya ɓace. Na ja hasken ƙasa sai ga zaren aikin yana fitowa ɗaya ɗaya. Wannan shi ne dalilin da ya sa muke wahala da raw, da JPG ne wurin nan ya tafi ke nan. Na zauren kamu ma da fitilun nan masu shuɗi da ja suka ɓata fuskar amarya, kalar fatarta ta dawo daidai. Gaskiya manhajar nan ta burge ni. Sai dai tana cin wuri don ban goge CR3 ɗin ba, kuma kar kowa ya goge, saboda manhajar Canon ta kyauta wato Digital Photo Professional asalin fayil ɗin take buɗewa ba DNG ba. Na kuma sa Raw Image Extension daga Microsoft Store, yanzu ina ganin hotunan tun daga folda.

A nan na ce to a yi ma shagon uzuri, yaro ne bai sani ba, laftof kuma mai kyau suka ba ni. Har na fara cewa abokai su je. Sai wani kwastoma daga Kaura Namoda ya nemi a sake buga mishi alban na bara. Na buɗe foldar, hotuna na nan amma duk gyaran da na yi babu, kamar yanzu suka fito daga kyamara. Ashe gyaran Camera Raw ba cikin CR2 ko CR3 yake zama ba, yana cikin wasu ƙananan fayiloli masu XMP a ƙarshe da ke gefen kowane hoto. Na tambayi yaron ya ce ya gan su, ba su da nauyi kuma ba sa buɗewa, ya ɗauka tarkace ne ya bar su. Na ce to ina tsohuwar ma'ajiyar? Wai ya riga ya goge duk abin da ke cikinta ya sa min ita a ɗan gidan da ake jona ta da kwamfuta don in riƙa ajiya da ita, kyauta ce ya min. Wa ya sa ka? Aikin dare nawa ne a cikin fayilolin nan, kowace fuska da na zauna na daidaita.

Mai shagon ya ba ni haƙuri, ya ce Allah ya huci zuciyarka yallaɓai, har da ba ni jakar laftof. Na karɓi haƙurin amma na janye maganar tura mutane. In mutum zai sayi laftof kawai ya ɗauka ya tafi to ruwanshi, amma kar ya bar musu kati ko ma'ajiya, kuma kar ya biya kuɗin haɗa komai ɗin nan. Alban ɗin Hajiya ya isa kafin dangin ango su tafi, na mutumin Kaura kuwa daga farko nake sake gyara shi, na roƙe shi ya ƙara min mako.